Jarirai huɗu cikin 426: yadda siginar dolutegravir ta tashi a Botswana da yadda ta kwanta

A watan Mayun 2018 wasu masu bincike a Botswana suka buɗe lissafin haihuwa da suke ta tarawa tun 2014. Ba ma lokacin da suka tsara buɗe shi ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta nemi su leƙa mata don tana shirin fitar da sabon tsarin maganin HIV, to suna leƙawa sai suka ga abin da ya tayar wa kowa da hankali. Cikin mata 426 da suka ɗauki ciki alhali suna shan maganin HIV mai suna dolutegravir, huɗu sun haifi jarirai masu nakasar ƙwaƙwalwa ko laka. Huɗu fa, yatsun hannu ɗaya ma ba su cika ba. Amma in ka buga lissafi kashi 0.94 ne cikin ɗari, su kuwa matan da suka ɗauki ciki a kan sauran magungunan HIV, 14 ne aka samu cikin 11,300, wato kashi 0.12. Kusan ninki takwas kenan. Irin wannan alamar farko da ke nuna wataƙila magani yana da illa ita ake kira sigina.

Wannan lamari ni dai ban taɓa ganin wanda ya kai shi nuna yadda aikin sa ido kan illar magani yake ba, da daɗinsa da ɗacinsa, shi ya sa nake so mu bi shi daki-daki.

Sai an fara sanin me ya sa maganin yake da muhimmanci haka. Dolutegravir na kamfanin ViiV ne, hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da shi a watan Agustan 2013. Yana danne ƙwayar cutar da sauri, ƙwayar ba ta saurin bijire masa, kuma bai cika damun mutane ba kamar efavirenz da ake bayarwa kafin shi, wanda duk wanda ya sha shi ko ya zauna da mai sha ya san labarin jiri da mugayen mafarkai da kasa barci, wasu har da baƙin ciki mai nauyi. Ga shi kuma a lokacin ƙwayar cutar ta fara daina jin efavirenz da 'yan'uwansa, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna a ƙasashe 6 cikin 11 da aka bincika sama da kashi 10 na masu fara magani sun zo da ƙwayar da ta riga ta bijire. A Satumban 2017 aka sanar da yarjejeniyar da ta sauko da farashin haɗin ƙwaya ɗaya mai suna TLD, wanda dolutegravir ke cikinsa, zuwa kusan dala 75 a shekara ga mutum ɗaya, ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka fara shirin komawa kansa da miliyoyin mutane. Botswana ita ta riga kowa a yankin, tun 2016 ta mayar da shi maganin farko, shi ya sa ita kaɗai ce take da mata da yawa da suka ɗauki ciki a kansa a lokacin.

Binciken da ya gano abin sunansa Tsepamo, haɗin gwiwa ne tsakanin Botswana da jami'ar Harvard, Rebecca Zash da Joseph Makhema da Roger Shapiro suna cikin masu jagorantarsa. Kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, ba don dolutegravir aka kafa shi ba, don efavirenz ne. Shekaru kafin nan an yi gwajin efavirenz a kan birai aka ga nakasa a wasu 'ya'yan, sai ga 'yan rahotanni daga mutane, a 2005 Amurka ta tsananta gargaɗinsa ga masu ciki, mata da yawa aka hana su shi aka ba su nevirapine mai taɓa hanta da fata, sai wajen 2012 zuwa 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce to hujjojin da suka taru ba su nuna haɗarin da ake tsoro ba. Wato an riga an taɓa bin wannan hanyar sau ɗaya. Ku riƙe wannan.

Yadda suke aikin mai sauƙi ne amma yana son haƙuri. A manyan ɗakunan haihuwa 8 na gwamnati, duk jaririn da aka haifa, da rai ko babu rai, ungozoma za ta duba shi daga kai har ƙafa, ta shafa ƙoƙon kai, ta juya shi ta bi gadon bayansa har ƙasa, ta duba leɓe da yatsu. In ta ga wani abu da ba daidai ba sai a kira mai taimaka wa bincike, a nemi izinin uwar a ɗauki hoto, hoton a tura wa likita ƙwararre kan nakasar da ake haihuwa da ita, shi kuma zai faɗi mece ce ba tare da ya san ko uwar tana da HIV ko wane magani take sha ba. Daga katin awo kuma ake kwafo sunan magani da ranar da aka fara shi. Zuwa 1 ga Mayun 2018 sun duba jarirai 88,755 a haka.

Ranar fara maganin nan ita ce komai. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mace sau da yawa ba ta ma san tana da ciki ba, tana dai cewa al'adarta ta ɗan yi jinkiri. Maganin da aka fara a wata na uku ko na biyar ba shi da hannu a wannan nakasa, ƙofa ta riga ta rufe. Kuma haka lissafin ya nuna, cikin mata 2,812 da suka fara dolutegravir bayan cikin ya shiga ko ɗaya ba a samu ba. Wannan ya ƙara wa siginar nauyi sosai, don abin ya faɗo daidai inda ilimin halitta ya ce in zai faɗo nan zai faɗo.

Amma akwai abin da ya rage mata nauyi. Jariran huɗu nakasa iri huɗu daban-daban suke da ita. Ɗaya ƙwaƙwalwar ba ta samu ba gaba ɗaya, ɗaya ƙwaƙwalwar ta turo ta wani gibi a ƙoƙon kai, ɗaya laka ce ta fito ta baya, ɗaya kuma wata iri ce da ba kasafai ake gani ba inda kai ke lanƙwashewa baya ya haɗe da gadon baya. Maganin da ke lalata halitta yawanci yana da tambarinsa, kamar maganin thalidomide da ya sa aka haifi jarirai masu gajerun hannuwa da ƙafafu. Nan kuwa babu tambari ɗaya. Sannan huɗu adadi ne da ƙaddara kaɗai za ta iya jujjuya shi, su kansu masu binciken sun ce ainihin haɗarin zai iya zama ko'ina tsakanin kashi 0.37 da 2.4. A al'ada cikin haihuwa 426 ko jariri ɗaya ba lallai a samu ba, samun huɗu abin tsayawa ne a duba, ruwa ba ya tsami banza, amma kuma da biyu aka samu maimakon huɗu da wataƙila ba wanda zai kira taro.

To abin da kowa ya fara yi shi ne komawa rumbunan rahotannin illar magani, a ga ko wani wuri a duniya ya taɓa kawo irin wannan. A nan ne nake so in ɗan tsaya, don yawancinmu da muka ji an ce sa ido kan magani abin da ke zuwa mana a rai kenan, fom ɗin da likita ko nas ko mai famasi ko mara lafiya da kansa zai cike in ya yi zargin magani ya yi illa. Tsarin ya samo asali ne daga masifar thalidomide da ta nakasa jarirai sama da 10,000 kafin a janye shi a 1961. Ingila ta fara katinta mai ruwan ɗorawa na kai rahoton illar magani a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirinta a 1968 da ƙasashe 10, daga 1978 cibiyar Uppsala a Sweden ke riƙe da rumbun da ake kira VigiBase, wanda yanzu rahotannin cikinsa sun haura miliyan 30. Rahoto yana karɓuwa in yana da abu huɗu: mara lafiyan da za a iya bambance shi da wani, wanda ya kawo rahoton, maganin da ake zargi, da abin da ya faru. Kwamfuta kuma aikinta ta duba ko wani magani da wata illa suna fitowa tare fiye da yadda ya kamata in aka kwatanta da sauran magunguna duka, in sun yi yawa sai ta ɗaga tuta, mutane su zauna su karanta rahotannin ɗaya bayan ɗaya.

Wannan tsari ya ceci rayuka ba adadi, ba na raina shi ko kaɗan. Amma akwai tambaya ɗaya da ba zai taɓa amsawa ba, ita ce cikin nawa? Rahoto zai ce maka an haifi jariri mai nakasa ga matar da ke shan magani kaza, ba zai ce maka mata nawa ne suka sha suka haihu lafiya ba, don ba wanda ke cike fom in an haihu lafiya. Ga kuma ƙarancin kai rahoto, wani nazari da aka wallafa a 2006 da ya tattara bincike 37 ya gano cewa a tsakiyar lissafi kusan kashi 94 na illolin ba a kai rahotonsu sam. Sannan da zarar labari ya fita a jarida sai rahotanni su yi ta kwarara, wani jariri ɗaya ya shigo sau uku, ta hannun likita, ta hannun kamfani, ta hannun wanda ya rubuta shi a mujalla. Kuma da yawan rahotannin ba sa faɗin ranar al'adar ƙarshe ko ranar fara magani, alhali mun ga nan gizo ke saƙar. Saboda haka rumbunan ba su iya tabbatar da siginar ba, ba su kuma iya kashe ta ba. Akwai rajistar masu ciki da ke shan maganin HIV da aka kafa tun 1989, ita tana bin mace tun kafin a san me za ta haifa, amma matan da ke kan dolutegravir a cikinta kaɗan ne a lokacin, kuma yawancinsu daga ƙasashen da ake zuba folik asid a cikin fulawa. Botswana ba ta wajabta wannan ba. Folik asid kuwa shi ne babban abin da aka sani yana hana irin wannan nakasa, don haka kwatanta wurare biyun ba kai tsaye ba ne.

Ranar 18 ga Mayun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa, FDA da hukumar magunguna ta Tarayyar Turai su ma suka fitar da nasu. Ni a ganina sun yi daidai, kuma ina faɗin haka duk da na san yadda lissafin ya ƙare. Ba za ka riƙe irin wannan bayanin a aljihu ba alhali ana shirin ɗora miliyoyin mata a kan maganin, da siginar ta tabbata daga baya kuma aka gano an ɓoye, wallahi da yardar da mutane ke yi wa shirin HIV gaba ɗaya ta rushe. Kalaman sanarwar ma da taka-tsantsan aka yi su: abu ne na farko-farko, mai cikin da ke kan maganin kar ta daina da kanta, wadda za ta iya ɗaukar ciki a yi mata bayani a ba ta hanyar tazarar haihuwa mai inganci.

Matsalar ta faru ne tsakanin takardar Geneva, inda hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya take, da tagar karɓar magani. Kafin maganar ta sauko ƙasa duk wannan taka-tsantsan ɗin ya zube a hanya, abin da ya rage shi ne mata ba sa shan wannan. Ƙasashe da dama, ciki har da Kenya, suka taƙaita shi ga matan da ke shekarun haihuwa, a wurare da yawa ma'anarsa duk mace daga 15 zuwa 49. Ka ɗauki mace 'yar shekara 43 da ta gama haihuwa, ko wadda take da roba a hannu ta shekara uku, ko wadda mijinta ya rasu ba ta da niyyar wani auren, ta zo layi ɗaya da namiji, shi a miƙo masa sabuwar kwalba ita a mayar mata da tsohuwar da ke hana ta barci, ta tambaya a ce mata haka aka ce daga sama. Ba a tambaye ta ko tana son haihuwa ba, ba a faɗa mata adadin ba, ba a ce mata huɗu ne cikin 426 ga kuma abin da ba mu tabbatar ba. An yanke mata hukunci saboda cikin da babu shi. Kuma shi ma'aikacin ba mugu ba ne, tsoro yake ji, ba ya so a ce ta hannunsa aka haifi jariri mai nakasa, ga mutum ɗari a layi ba shi da minti goma na yi wa kowa bayani.

Abin da ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne, hana maganin shi ma yana da nasa mamatan, sai dai su ba a ɗaukar hotonsu. Matar da ƙwayar cutarta ta daina jin efavirenz, ko ta gaji da illarsa ta ajiye, ƙwayar za ta yi yawa a jininta, ta kamu da tarin fuka ko sanƙarau, ta sa wa mijinta, ta sa wa jaririn da ake cewa ana karewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Masu lissafin hasashe da suka auna ɓangarorin biyu a 2019, ciki har da wani nazari a kan Afirka ta Kudu, sun nuna ko da a ce haɗarin nan gaskiya ne yadda aka fara gani, ba wa mata dolutegravir zai rage mutuwar matan da yaɗuwar cutar da yawa, duk da akwai farashi a ɓangaren jarirai. Auna irin wannan ba daɗi, amma ƙin aunawa ma zaɓi ne.

Matan da kansu ne suka juya akalar maganar. A Yulin 2018 AfroCAB, ƙungiyar masu fafutukar samar da maganin HIV a Afirka, ta tara mata 39 masu ɗauke da HIV daga ƙasashe 18 a Kigali ta Rwanda, aka baje musu lissafin yadda yake, suka tattauna, matsayarsu ta fito a fili: ba su yarda a hana mata maganin a dunƙule ba, a ba su bayani, a samar musu da tazarar haihuwa a wurin da suke karɓar magani, su zaɓa da kansu. Da wannan suka tafi babban taron AIDS na Amsterdam a ƙarshen watan suka ɗaga murya. Ni wannan zaman na Kigali ina ɗaukarsa cikin aikin sarrafa sigina, daidai da lissafin ƙwararru, don tambayar ko haɗarin 1 cikin 100 ya cancanci ɗauka ba tambayar kwamfuta ba ce, ta wadda za ta ɗauki cikin ce kuma ita za ta sha maganin har ƙarshen rayuwarta.

Ana cikin haka su kuma ungozomomin Botswana suna ci gaba da duba jarirai, aka ma faɗaɗa binciken daga asibitoci 8 zuwa 18. A taron Amsterdam ɗin adadin ya zama 4 cikin 596, ya sauko 0.67. Zuwa Maris 2019 an ƙara haihuwa 1,257 a kan 426 ɗin farko, jariri ɗaya tak ya ƙaru, 5 cikin 1,683, kashi 0.30, sauran magunguna kuma 0.10. Brazil, wadda ke zuba folik asid a fulawarta, ta bi mata kusan 380 da suka ɗauki ciki a kan maganin ba ta samu ko ɗaya ba. A Yulin 2019 a taron birnin Mexico Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dolutegravir shi ne zaɓin farko ga kowa, har da masu ciki da masu iya ɗauka. Ku lura fa, a ranar da ta faɗi haka siginar ba ta mutu ba, har lokacin ninki uku ne a takarda, abin da ya canza shi ne an san girmanta, kusan ƙarin jarirai 2 cikin 1,000, an kuma san abin da ke ɗaya gefen sikelin.

Daga nan sai gangara. A 2020, 7 cikin 3,591, kashi 0.19. A 2021, 9 cikin 5,860, kashi 0.15.

Me ya sa ta sauko? Bayanin da ya fi kama hankali shi ne huɗun farko sun taru ne a ɗan ƙaramin adadi bisa ƙaddara, irin abin da ke faruwa in ana duba magunguna da yawa da illoli da yawa, dole wata rana wasu su haɗu a wuri guda. An yi gwaje-gwaje a ɗakin bincike kan ko maganin yana taɓa yadda jiki ke karɓar folik asid, kuma shawarar mace ta sha maikurogiram 400 kullum tun kafin ta ɗauki ciki tana nan daram ko da HIV ko babu. Amma abin da ya raba gardama ba ɗakin gwaji ba ne, ƙidaya ce, jariri bayan jariri, shekara bayan shekara.

Inda nake ganin laifi na gaske yake, ya riga 2018 da nisa. An amince da magani a 2013, an san sarai cewa kimanin rabin masu ɗauke da HIV a duniya mata ne, da yawansu a shekarun haihuwa, amma gwaje-gwajen da aka yi kafin amincewa sun cire masu ciki, wadda ta ɗauki ciki a tsakiya ma sai a fitar da ita. Shekara biyar ana shan magani kafin a samu bayani na farko mai ma'ana game da shigar ciki a kansa, kuma shi ma don an yi sa'a akwai wani bincike da aka kafa don wani maganin daban a ƙasar da ta riga kowa sauyawa. Da babu Tsepamo da ba a ga siginar ba, gaskiya ne, amma da wani likita ne ya ga jarirai biyu a jere ya cike fom labari ya bazu, da ba mu da abin da za mu auna shi da shi, kuma da wataƙila an maimaita abin da ya faru da efavirenz, shekara bakwai ko takwas ana hana mata magani a kan tsoron da ba a iya aunawa.

Kuma ko bayan Geneva ta sauya matsaya a 2019, maganar ba ta koma ƙasa da saurin da ta sauka da farko ba. Gargaɗi yana tafiya a rana ɗaya, janye shi kuwa sai an sake buga jagora, an sake horar da ma'aikata, an sake odar magani, ga kuma abin da ya riga ya zauna a zuciyar mutane cewa wannan maganin yana lalata ciki. Binciken da aka yi daga baya a ƙasashe da dama ya nuna matan da ke shekarun haihuwa sun daɗe suna bayan maza wajen komawa kan dolutegravir.

A 2022 Tsepamo ta sake fitar da lissafi. Matan da suka ɗauki ciki a kan dolutegravir sun kai 9,460, jarirai 10 ne masu nakasar, har da huɗun nan na farko, kashi 0.11. Matan da suka ɗauki ciki a kan sauran magungunan HIV 23,664 ne, jarirai 25, shi ma kashi 0.11.